Takardun Cikin Kwanukan Inna

Litinin, 2 ga Satumba, bayan La'asar

Na sayi littafin nan ne don in riƙa rubuta duk inda na ci karo da sunan Baba a tsohuwar jarida. Amma tunda ba ni da abokin hira a barandar asibitin nan, shi ma zai sha surutuna.

Yau kwanan Inna huɗu a kwance. Ta sha kunu rabin kofi. Likita ya kira ni da ƙanena Sharafaddeen ofishinsa, ya yi dogon bayani yana juya biro. Ba wannan na zauna rubutawa ba.

Ga abin da na zauna rubutawa. Ni Halimatu Sadiya, 'yar Alhaji Tahir malamin gona, da na riƙe makarantar firamare mai yara sama da dubu har shekara goma sha ɗaya, ba za a ce na kasa kawo mutum ɗaya daga Doma zuwa Lafiya ba. Tafiyar da ko minti arba'in ba ta kai ba! Yaya Mika'ilu zai zo ya ga mahaifiyarsa. Ya rantse ƙafarsa ba za ta sake taka gidanmu ba, to ya yi kaffara, ni zan dafa abincin miskinai goman da hannuna.

Dabarata ita ce littafin tarihin gida. Baba ya rasu yana cewa a tattara, ba wanda ya motsa. Ni zan tattara. Wa zai rubuta gabatarwa in ba babban ɗa ba? In ya shigo saboda littafi, daga zaure zuwa ɗakin Inna taku goma ne. Zai zo.

Talata, 3 ga Satumba, da hantsi

Bari in rubuta abin da ya faru ranar sadakar arba'in ɗin Baba, sau ɗaya, in huta.

Yaya shi ne ɗan farin Inna. Inna kuwa Bafulatanar Ashige ce, irin ta da, kunyar ɗan fari a jininta take. Tana yaye shi aka miƙa shi riƙo wurin Baba Wakili, yayan Baba, a Doma. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Na Doma" take cewa, shi ma sai ta kama dole. In ya durƙusa gaishe ta, bango take amsa wa. Baba kan tsokane ta ya ce wannan kunya ta Fulani da abinci ce da an ƙoshi, ita kuma ta ce Barebari irinsa me suka sani ban da zane a fuska. Mu muka tashi muna dariyar abin. Ashe akwai wanda ba ya dariya.

Ranar arba'in, bayan an shafa fatiha, Yaya ya shigo tsakar gida, mutum mai shekara sittin da biyu da furfurarsa, ya durƙusa gabanta a gaban mata. Ya ce, "Inna, Baba ya tafi. Ki kira sunana sau ɗaya, in san ina da sauran wani." Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tashi ta shige ɗaki.

Sai Sharafaddeen ya buɗe wannan bakin nasa ya faɗi abin da ya faɗa. Ba zan sa shi a takarda ba. Yaya ya miƙe ya yi rantsuwarsa, ya bar hularsa a kan tabarma. Tana nan a ɗakina.

Inna ta sha kunu rabin kofi.

Alhamis, 5 ga Satumba, bayan Azahar

Yau na ci nasara, Alhamdu lillahi.

Shelar Lafiya, jaridar nan mai shafi takwas da marigayi Jafaru mai ɗab'i yake bugawa duk Asabar tun muna yara, ɗansa Muhyiddin yana da ragowarta a bayan shagonsa, inda yanzu yake buga katin biki da kalanda. Ya buɗe mini wani tsohon akwatin ƙarfe. Gara ta ci rabonta ta bar mana namu.

Ya ce, "Hajiya, kin san ke ce ta farko da ta tambayi takardun nan tun rasuwar tsoho? Na so in ba masu tsire."

Na ce, "Da ka ba su, da na sa ka durƙusa a rana kamar yadda na sa ka a aji huɗu."

Awa uku ina atishawa, amma ga abin da na samo. 1975: rasuwar kakanmu Malam Musaddiq, wai yana da shekara ɗari da ashirin. Tabɗi! Baba da kansa bai kai shi tamanin ba, Jafaru dai ya ga dattijo ya yi masa kyauta. 1976: Baba ya kai sabon irin shinkafa Adogi, manoma suka ƙi karɓa sai da ya shuka a gonarsa suka gani. 1978: sanarwar godiya da ya dawo daga Makka. 1981: wasiƙar Baba yana faɗa kan gadar hanyar Adogi, ina karantawa ina jin muryarsa har da tarin. Sai 1983, shafi na uku: "Halimatu Sadiya Tahir ta zo ta ɗaya a Kwalejin Horon Malamai." Sau uku na karanta wannan, ba zan yi ƙarya ba.

Shekaru da yawa babu su a akwatin. Muhyiddin ya ce, "In kina neman sauran, ki shiga ɗakunan tsofaffin mata. Da jarida suke raba tsakanin kwanukan jere don kada fenti ya ɓare. Tsoho yakan ce matan Lafiya sun fi mazansu ajiye jaridarsa, ko da yake ba sa karantawa."

Ka ji yaro da kai. Ina da maƙullin ɗakin Inna.

Juma'a, 6 ga Satumba, da yamma

Na ɓata wunina a banza.

Na sauke jeren Inna kaf, tun daga manyan kwalla har 'yar ƙaramar langar nan mai furen ja da take can cikin ciki. Gaskiyar Muhyiddin, tsakanin kowane kwano da ɗan'uwansa akwai shafin Shela a ninke. Goma sha huɗu na samu. Na shimfiɗa su a tabarma, na bi su da gilashina ina neman Alhaji Tahir. Ko ɗaya! Tallar tayar keke, tallar maganin tsutsar ciki, farashin riɗi da agushi. Wasu ma duk sun yi dabbare-dabbaren tozali. Mace ta zauna da mutum shekara sittin da uku, amma ko shafi ɗaya mai sunansa ba ta dace da shi ba.

Ruwan sama ya jiƙa mana gawayi, ga kunun Inna ban dama ba, sai na kunna wuta da guda, ta cikin ƙaramar langa mai tallar taya. Ko ba komai ta yi amfani. Sauran na tura ƙarƙashin filo, kwanukan na mayar.

Kunun ma cokali biyar ta sha.

Lahadi, 8 ga Satumba, bayan Magariba

Na je Doma.

Matarsa Bilkis ta tarbe ni da sakwarar sabuwar doya da miyar agushi, ta yi mini raɗa cewa kwana biyu ba ya cin abinci sosai. Shi kuwa yana zaune ƙarƙashin mangwaro yana gyara igiyar tunkiya, tun da ya yi ritaya daga aikin likitan dabbobi ba shi da abokai sai su. Ya tambayi lafiyar maigidana, ya tambayi yara, ya tambayi hanya. Bai tambayi asibiti ba. Ni na faɗa masa, ya ce Allah ya ba da lafiya, irin yadda ake faɗa wa baƙo a mota.

Na fito da takarduna ina ji da kaina. Na karanta masa shinkafar Adogi, ya yi murmushi. Na karanta shekarun Kaka, har ya yi dariya. Na ce a raina, Sadiya, kin gama da shi. Sai na ɗauko ta Makka, na gyara murya: "Alhaji Tahir malamin gona yana godiya ga dukkan waɗanda suka tarbe shi, a madadin kansa da 'ya'yansa, Halimatu Sadiya, Sharafaddeen da Asama'u."

Ya ce, "Sake karantawa."

Wallahi sai a karo na biyu na ji abin da bakina yake faɗa. Sau nawa na karanta sanarwar nan tun ranar Alhamis, ban ga abin da babu a cikinta ba.

Na ce, "Yaya, ai lokacin kana hannun Baba Wakili, kunya ce ta hana Baba ya sa ka, kada a ce ya ƙwace wa yayansa ɗa."

Ya ce, "Na sani, Sadiya. Kowa kunyata yake ji. Shekara sittin ana jin kunyata, har na rasa wanda zai ji tausayina. Kin ga jarida ma ta san 'ya'yan gidan. Ki ba Sharafaddeen ya rubuta miki gabatarwar."

Na dawo da hularsa a jaka, na manta ban ba shi ba.

Litinin, 9 ga Satumba, da safe

Da hannuna na ƙara wa abin gishiri. Ni mai dabara.

Laraba, 11 ga Satumba, da hantsi

Na kira Yaya a waya sau shida. Tana shiga, ba ya ɗauka.

An sauya wa Inna hannun ƙarin ruwa, wancan ya kumbura. Duk wanda ya turo ƙofar ɗakin sai ta juya ido ta duba, sannan ta mayar kan silin. Na ce, "Inna, wa kike jira?" Ta ce, "Iska ce take damuna, Sadiya, ki rufe ƙofar." Na rufe. Ta ce in buɗe, zafi.

Sharafaddeen ya zo da lemo da kankana kamar mai zuwa suna. Ya ce ko ya je Doma ya ba da haƙuri? Na ce in ya kuskura ya hau hanyar Doma sai na saɓa masa, bakinsa ya yi aikin da ya isa na shekara guda.

Zai zo. Ban san ta yaya ba tukuna, amma zai zo.

Juma'a, 13 ga Satumba, bayan La'asar

Dole in rubuta wannan.

Mama Francisca ta zo gida gaishe mu. Tsohuwar ungozoma ce, katanga ɗaya ta raba gidanta da namu shekara talatin kafin ta koma wurin ɗanta a Bukan Sidi. Yanzu da sanda take tafiya, amma bakin yana nan. Ina kakkaɓe shimfiɗar Inna takardun nan suka zubo daga ƙarƙashin filo. Matar nan ta saki sanda.

"Sadiya! Kai ne ka cire wannan daga kwano? Inna ya sani?"

Na ce, "Mama, tarkace ne, na duba babu sunan Baba ko ɗaya."

"Baba? Wane Baba? Oya, kawo. Duba inda baƙi ya ke. Duba da kyau, madam hedimasta."

Na duba inda tozali ya ɓata takardar. Ba ɓaci ba ne. Yatsa ne aka dangwala, daidai gefen layi ɗaya, a can ƙasan shafi cikin ƙananan baƙaƙe: Mika'ilu Wakili, Doma. Na ɗauki ta biyu. Yatsa, Mika'ilu Wakili. Ta uku. Ta huɗu. Ni da nake neman "Tahir", idona ya tsallake sunan yayana sau goma sha uku don yana ɗauke da sunan mariƙinsa.

1977, ya ci ƙwallo biyu a wasan makarantu. 1979, sakamakon jarrabawa. 1980, jerin waɗanda aka ba gurbin karatu. 1983, ɗaliban da suka bi rugage suna yi wa shanu allurar rigakafin cutar bushiya. Aurensa da Bilkis. Sunan 'yarsa ta fari, Juwairiya, takwarar Inna. Har da ranar da aka kama shi da babur ba fitila, ita ma ta sha tozali.

Inna ko bihim ba ta iya karantawa a boko. Na ce, "Mama, ta yaya?"

Ta ce, "Mijina Aper yana saya Shela kowane Asabar. Da yamma Inna zai leƙo ta katanga, ya ce, Francisca, duba mini ko akwai. Shi ke nan, ba ya faɗi ko wa. Ni ma na sani. In babu, ya ce to, ya tafi. In akwai, ni ne zan faɗi sunan da ƙarfi, shi ya rufe fuska da zani. Sai ya ce, nuna mini wurin. Ya sa yatsa a tozali ya danna. Ya kawo mini man shanu, ya tafi da takarda. Shekara goma sha bakwai, har jarida ya mutu. Ya ce in na gaya wa mutum, ni da shi mun rabu. Yau na gaya, Allah ya yafe ni."

Na zauna a ƙasa dirshan, na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar Baba.

Asabar, 14 ga Satumba, da safe

Zan rubuta wannan don ba mai karantawa sai ni.

Na sake sauke kwanukan nan yau, ɗaya bayan ɗaya, har na leƙa ƙarƙashin kabad. Shafi na uku na 1983 nake nema. Wadda ta zo ta ɗaya a kwaleji. Babu.

Ni nake wanke ta, ni nake juya ta, ni na bar gidana da mijina sati biyu ina kwana a kan benci. Mace mai jikoki huɗu, ina kishin tozali. Na ji haushi, kuma na ji kunyar haushin.

Na buga wa Mama Francisca waya, wai ina tambayar ko ta isa gida lafiya, daga nan na zame na tambaya. Ta yi dariya har da tari. "Sadiya, Sadiya, Sadiya, tun asuba har dare muna ji ta katanga, har akun gidanmu ya koya. Wane takarda kuma ka ke so? Abeg, bar ni in sha magani."

To. Na ji.

Lahadi, 15 ga Satumba, bayan La'asar

Na koma Doma, wannan karon ban yi wa kowa lacca ba. Na ajiye masa takardun goma sha uku a kan tabarma da hularsa a sama. Na faɗa masa inda na same su da abin da Mama Francisca ta ce, ban ƙara ko gishiri ba.

Ya sa gilashi. Ya daɗe a kan ta allurar shanu. Da ya zo kan ta babur sai ya yi wani sauti ta hanci, ban san ko dariya ba ce. Ya sa babban yatsansa a kan tabon tozalin, nasa ya rufe nata gaba ɗaya.

Ya ce, "Takardu ne, Sadiya. Takarda take iya kallo, ni ba ta iya kallona."

Na ce, "Haka ne."

Ya ce, "Ki bar su nan."

Na bar su. Bilkis ta raka ni bakin titi tana tambayata da ido, na ce mata ta shirya masa kaya kala biyu. Zai zo.

Talata, 17 ga Satumba, da Azahar

Shiru.

Laraba, 18 ga Satumba, da yamma

Likitoci sun ce mu kai Inna gida, wai za ta fi jin daɗi a ɗakinta. Sun cire ƙarin ruwan. Ba su rubuta ranar dawowa ba, ni ma ban tambaya ba.

Muna kwantar da ita, idonta ya sauka kan jere. Matar da ba ta iya ɗaga kofi, ta ɗaga kai daga filo.

"Sadiya, wa ya taɓa mini kwanuka?"

"Ni ce, Inna. Na goge ƙura."

"Sun zauna a kan juna. Ina takarduna?"

Na iya yi wa sufeton makarantu ƙarya ido cikin ido, amma ban iya yi wa Inna ba. Na ce suna Doma.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, "Kin tsiraita ni, Sadiya." Ta juya fuska bango, ta ja mayafi har ka.

Ko cokali ɗaya.

Alhamis, 19 ga Satumba, da hantsi

Ba ta kira sunana ba tun jiya. Asama'u take kira, ita da ta iso daga Akwanga shekaranjiya ba ta ma san inda buta take ba.

Na ɗauki sirrin da tsohuwa ta rufe shekara hamsin na kai wa mutumin da ya ce takardu ne. In bai zo ba, na raba ta da abu ɗaya da take da shi nasa, a banza.

Asabar, 21 ga Satumba, da safe

Cokali uku, daga hannun Asama'u. Na tura wa Yaya saƙo: "An sallamo ta. Tana neman takardunta." Ban ƙara komai ba. Alamar ya karanta ta fito.

Lahadi, 22 ga Satumba, bayan La'asar

Zai zo. Na rubuta ne kawai don hannuna ya saba.

Talata, 24 ga Satumba, bayan Magariba

Wajen ƙarfe goma na safe ina shanya zannuwan Inna na ji sallama a zaure. Na san muryar, amma sai da na bari ya yi ta biyu don in tabbata. Yana tsaye da hularsa a ka da baƙar leda a hannu.

Ya ce, "Na kawo muku takardunku. Ki karɓa, direba yana jirana."

Na ce, "Ban san wacce take shiga wane kwano ba. Mai su ce ta sani. Ka kai mata da kanka." Na juya na yi gaba ban waiwaya ba. Na ji takunsa a bayana. Sharafaddeen yana tsakar gida, na yi masa kallo ɗaya, ya ɗauki buta ya yi bayan gida, Allah ya yi masa albarka.

Yaya ya durƙusa a bakin ƙofa. "Inna, ina kwana. Ya jiki?"

Ta amsa wa bango, "Da sauƙi." Sai ta ce, "Sadiya." Kwana shida rabon da in ji sunana a bakinta. "Ki ce wa baƙo a mayar mini da kayana yadda aka same su. Fenti zai ɓare."

Ya cire hula, ya zauna a ƙasa gaban kabad, ya sauke kwanukan da kansa. Ni nake ɗaga takarda, ita ta saci kallo ta gefen mayafi ta ce, "Babbar kwalla." "Mai ruwan ganye." "Ta ƙarƙashinta." Ko sau ɗaya ba ta yi shakka ba. Shi yana ninkewa yana sawa, ba wanda ya kalli wani. Har aka zo kan 'yar ƙaramar langa mai furen ja. Hannuna babu komai.

Ta ce, "Saura ta ƙaramar."

Yaya ya zazzage leda. Ya dube ni.

Na ce, "Inna, na kunna gawayi da ita. Ban sani ba. Tallar taya na gani."

Na ce a raina yau kam na kashe tsohuwar nan. Can sai ta fara magana, fuska a bango, a hankali, kamar mai lissafa shanun rugarsu.

"Ita ce mai hoto. Ita kaɗai ce mai hoto. Yara tara ne da suka ci jarrabawar shiga babbar makaranta, malaminsu a tsakiya. Shi ne a ƙarshe, hannun hagu. An sa masa rigar wani, ta yi masa yawa, an naɗe hannun sau biyu. Maɓallin wuya babu. Kowa yana dariya, shi ya sunkuyar da kai, rana ta shiga idonsa. An yi masa aski an bar wani wuri a bayan kunne. Ƙafarsa ta dama da ɗaurin tsumma, ƙasan gwiwa. Gyambo ne. Da ganin yadda ya tsaya ba ya iya taka ta sosai." Ta huta. "Na ba Francisca man shanu da kuɗin mota, ta kai magani. Ta dawo ta ce ta wanke ta ɗaure. Daga nan ba a sake buga hoto ba."

Yaya ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Wata nas ta zo makaranta. Ta ce gwamnati ce ta aiko ta."

Inna ta gyara mayafi. Ta ce, "Sadiya."

"Na'am, Inna."

"Ki tambaye shi, ƙafar ta warke?"

Na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu. Ya ja jiki a ƙasa har bakin gadon, ya naɗe ƙafar wandonsa ta dama. Tabon yana nan ƙasan gwiwa, fari, kamar faɗin kwabo. Shekara hamsin da bakwai ina ƙanwarsa ban taɓa ganinsa ba.

Ya ce, "Ta warke, Inna."

Ba ta juyo ba. Hannu ta fito da shi daga cikin mayafi ta baya, tana lalube, shi ya kama ya ɗora a wurin. Ta danna da babban yatsa.

Na fita na sallami direba.

Laraba, 25 ga Satumba, da hantsi

Ya kwana a zaure. Tun da asuba na ɗora tukunyar miskinai goma, alkawari na yi. Maganar gabatarwa ban tayar ba, littafin ya jira.

Inna ta sha kunu rabin kofi, ta ture sauran. Ta ce, "Sadiya, a ba na Doma ya shanye, kada ya huce."

Har yanzu "na Doma". Kafin in miƙe, daga bakin ƙofa ya ce, "Na'am, Inna."